Muryar da ba ta wuce ƙuruciya

A 2023 ƙungiyar mawaƙa yara maza ta birnin Viyana, a ƙasar Ostiriya, ta cika shekara 525. Sarki Maximilian na Ɗaya ne ya kafa ta a 1498 domin waƙar ibada a cocin fadarsa, kuma har gobe yaran na rera waƙa a can ranar Lahadi. A shekarar bikin sun zaga Koriya ta Kudu da Japan da Amurka. Ni dai ta ƙofar gida na san su, don ɗan maƙwabciyata yana cikinsu lokacin da nake zaune a birnin.

Yaran kusan ɗari ne, masu shekara goma zuwa sha huɗu, an raba su rukuni huɗu da sunayen manyan mawallafan kiɗa: Haydn, Mozart, Schubert da Bruckner. Shekarar karatunsu zango uku ce, biyu a aji, ɗaya a kan hanya. Kafin wata tafiya na tarar da mahaifiyar yaron nan zaune da allura, tana ɗinka sunansa a jikin kowace safa, akwati buɗe a gabanta, ga kayan matuƙan jirgin ruwa da suke sawa a dandali an goge an ninke. Da ya dawo na ce, “Yaro, ba ni labarin duniya.” Sai ya shiga ba ni labarin barci a mota, da mayafin wuya, da yadda mura ke bin rukuni ɗaya bayan ɗaya. A nan na gane yawon nan aiki ne, kuma asalinsa ma neman abinci ne. Da daular Habsburg ta rushe a 1918, kuɗin fada ya yanke. Wani limamin coci, Josef Schnitt, shi ya farfaɗo da ƙungiyar a 1924, ya fita da yaran waje suna waƙa domin makarantar ta riƙe kanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fashewar murya. Yaro ya yi shekaru yana horo safe da yamma, dubban mutane suna miƙewa suna yi masa tafi a ƙasashen da ba ya jin harshensu, sannan cikin ’yan watanni balaga ta zo, siririyar muryar ta tafi, ba kuma za ta dawo ba. Franz Schubert kansa, da ya shiga a 1808, ta nan ya bi. Na ga hakan a kan yaron nan ba da daɗewa ba bayan tafiyar. Ya daina rera waƙa a matakalar bene kamar yadda ya saba, gaisuwa ma da ƙyar, kai a sunkuye. Wallahi na ji masa.

Makarantar ba ta sallame shi ba. Tun 2010 suna da babbar sakandare a fadar Augarten inda irinsu ke ci gaba da karatu, maza da mata, ana koya musu sarrafa sabuwar muryar. A ganina wannan ya fi shekara 525 ɗin cancantar biki. Duk wanda ya ci moriyar baiwar yaro, haƙƙin yaron na wuyansa bayan baiwar ta sauya, a fagen waƙa ne ko ƙwallo ko fim. Da mahaifiyarsa ta kai shi rajistar sakandaren, ni na raka su, kuma malamin da ya gwada shi ya sa shi cikin masu kakkaurar murya.