Malam Abubakar Imam da Mu Masu Koyon Malanta

Alhaji Abubakar Imam, wanda ya rubuta Magana Jari Ce, malamin makaranta ne tun da fari, kamar yadda mu ke shirin zama. An haife shi a Kagara cikin 1911. Ya koyi aikin malanta a Kwalejin Katsina, sa'an nan ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina. Yana cikin wannan aiki ne aka yi gasar rubuta littattafan Hausa cikin 1933, ya shiga da Ruwan Bagaja, shekarunsa 22 kaɗai. Da yawanmu a nan mun kai haka.

Dr. East, shugaban ofishin fassara na Zariya, ya ga gwanintarsa, ya nemi a ba shi aronsa. Cikin 1936 Imam ya zauna Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Cikin 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu cikin 1981, amma har yanzu ana karanta littattafansa a makarantu.

Ni ba Bahaushe ba ne. A kasuwa na fara jin Hausa, amma a bakin akun nan mai ba Musa ɗan Sarki labari don ya hana shi fita, a nan na san daɗinta. Daga baya na sami labari cewa yawancin hikayoyin nan Imam ya samo su daga littattafan Larabawa da na Turawa. Ya sa musu riga da rawani, har mai karatu ya rantse a ƙauyensu abin ya faru. Lalle malamin da ya san 'yan ajinsa ne ya ke iya wannan.

Abin da ya ke damuna shi ne, yaran da zan koma in koyar ba su da littafin hira ko guda cikin harshenmu. Tsofaffin da su ka san tatsuniyoyinmu kuwa suna ƙarewa. In na jira wani ya zo ya rubuta mana, watakila zan daɗe ina jira.

Saboda haka na yi niyya, hutun nan mai zuwa zan zauna wurin kakata da littafin rubutu da fensir. 'Yan'uwana, kowa ya gwada haka a garinsu, mu kawo wa mujallar nan abin da mu ka samu.