Kafet Ɗin Da Na Shimfiɗa Wa Inna

Yau ba ci gaban labarin da muka saba zan kawo muku ba, sai ku yi mini afuwa zuwa mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wata magana ce 'yata ta faɗa mini ta hana ni barci kwana biyu, na ga gara in zauna in rubuta ta ko na samu sauƙi a zuciyata.

Bikin yarinyar saura wata biyu, kuma Bebeji za a kai ta, inda mijin yake koyarwa. Muna zaune muna lissafin kayan ɗaki sai ta miƙo mini wayarta ta ce ga irin ɗakin da take so. Na duba na ga kafet an malale shi bango zuwa bango, ga wata ƙatuwar sif da ta cinye bango guda, ga labule mai nauyi har yana jan ƙasa. Na ce mata wannan kafet ɗin ba zai yi ba. Ba ta yi mini musu ba don ba halinta ba ne, sai dai ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, ai a littafinki na fara ganin irin wannan ɗakin."

Wallahi gaskiya ta faɗa. Mu marubutan da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa rubutunmu sunan Adabin Kasuwar Kano tun shekarun 1990, babu abin da muka ƙware a kai kamar siffanta ɗakin amarya. Ni kaina na sha cinye shafi uku a kan falo ɗaya, kafet mai laushi da ƙafa ke nutsewa a ciki, labule kalar kujeru, kujeru kalar fenti. Abin da ban taɓa rubutawa ba shi ne wane wata ake ciki. A ɗakunan littattafaina ba a damina ba a hunturu, ƙura ba ta shiga, bango ba ya jiƙa. Alhali ɗakin da na tashi a cikinsa sau huɗu yake sauya kama a shekara.

Ni haifaffiyar wani ƙauye ce a ƙasar Doguwa, can ƙarshen Jihar Kano ta kudu. Wanda bai san hanyar ba, in ya baro Kano ta titin Zariya sai ya ratse a Kwanar Dangora ta ƙasar Kiru, ya wuce Tudun Wada garin shinkafa, ya keta dajin Falgore, to ya shigo ƙasarmu. Ruwan da ake yi a wajenmu ya fi na birni nesa ba kusa ba, yana riga sauka kuma yana daɗewa bai ɗauke ba. Ruwan yankinmu ne ke bin Kogin Kano ya je ya cika madatsar Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama a 1974. Sanyinmu ma na gindin duwatsu ne. Duk macen da ke da ɗakin ƙasa a irin wannan wuri dole ta san abin da kowane lokaci yake zuwa da shi, kuma Inna, Allah ya jiƙanta, ta sani.

Shekarar ɗakinta da kaka take farawa. Da an kawo masara gida an samu 'yan kuɗi, sai ta fitar da komai tsakar gida, ɗaki ya koma fayau. A zubo tsakuwa, matan unguwa su taru da madaɓai a yi sabon daɓe ana waƙa, a yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa har ƙasan ya yi ja yana ƙyalli kamar an shafa mai. Ta yi wa bango shafe da farar ƙasa. Mu yara a ba mu toka da soso mu wanke tasoshi da langa da kumbo ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta mayar da jerenta, manya a ƙasa ƙanana a sama, ta ƙara da sababbin ƙoren da aka fafe daga duman bana da faya-fayai masu launi. A wannan lokacin ɗakin yake cika ya batse, don lokacin biki ne da baƙi.

Da iskar hunturu ta kaɗo sai ta lulluɓe jeren da tsohon zani saboda ƙura, ta toshe 'yar tagar da tsumma, ta cire labulen atamfa ta rataya gwadon saƙi mai kauri na kakarmu a bakin ƙofa. Gado ya bar saitin ƙofa ya koma lungu, a fito da bargo daga adaka. Bayan magariba ta shigo da kaskon garwashi mu zagaye shi ana tatsuniya, amma ba ta taɓa bari ya kwana a ɗaki ba, takan ce garwashi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum cikin barci, kuma haka yake. Ƙwaryar da sanyi ya tsaga sai ta ware ta a jira zuwan gyartai.

Bazara kuwa tuɓe ɗakin take yi. Gwado da bargo su koma adaka, a saki asabari a ƙofa iska ta riƙa ratsowa, a naɗe shimfiɗu a bar tabarma ɗaya. Ta zuba yashi mai danshi a kusurwa ta ɗora randa a kai, da la'asar ta yayyafa wa daɓe ruwa, da dare kowa ya fito tsakar gida, sai dai a kakkaɓe shimfiɗa saboda kunama. A lokacin ne take tsare Baba da maganar yaɓen soro da gyaran indararo, ba ta barinsa ya huta sai an yi kafin ruwan farko.

Damina ita ce mai wuyar. Komai na ɗakin sai ya bar ƙasa. Adaka ta hau kan duwatsu huɗu, tabarma a rataye ta, a zagaye ƙafafun gado da toka saboda gara da tururuwa, a ɗaura gidan sauro. Abu mafi muhimmanci, duk wani kaya sai ya matsa daga bangon gabas kamar taki biyu, domin daga gabas hadari yake tasowa, wannan bangon ne ke shan dukan ruwa. Kullum da safe sai ta shafa shi da tafin hannunta ta ji ko ya fara sanyi. In rana ta leƙo cikin marka, ko ta awa ɗaya ce, sai an fito da kayan adaka an shanya, sannan ta turara ɗakin da turaren wuta. A daminar 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, ina 'yar shekara takwas, ɗakuna sun zube a unguwarmu, na Inna ko tsagewa bai yi ba.

Duk wannan a lokacin ni wahala na ɗauke shi, da kuma alamar talauci. Na yi sakandare, na yi aure a Kano, na fara rubutu, na ga ɗakunan da ba a taɓa motsa komai a cikinsu. Sai na ƙudurta a raina duk ranar da Allah ya hore mini sai na hutar da Inna daga wannan kai-kawon.

Allah ya hore a 2007. Wani littafina mai kashi uku ya karɓu, na samu kuɗin da ban taɓa riƙewa ba. Ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah, wadda ta faɗo cikin Disamba a shekarar, na ɗauki hayar akori-kura na loda kafet da kujerun kushin guda uku da labule mai nauyi da wata ƙatuwar kabad mai gilashi, muka kama hanya. A kan idona aka malale kafet a kan daɓen Inna. Maza huɗu ne suka ɗauki kabad ɗin, na ce a manna ta da bangon da ya fi faɗi, wato na gabas, aka jera mata tangaran a ciki. Ƙorai da faya-fayai na ce a kai ɗakin ajiya. Adakar katako na tura ta lungu tsakanin kabad da bango don tana ɓata mini tsari, duwatsun da take hawa kuma na sa yara suka watsar.

Ni 'yar fari ce, Inna ba ta kama sunana ba ta kuma doguwar magana da ni. Tana zaune a ƙofar ɗakin Goggo har aka gama, abin da ta ce kawai shi ne, "Allah ya yi albarka." Da yake sanyi ake yi, kafet ɗin ya yi daɗi ƙwarai, mata suka yi ta tururuwa ganin ɗakin uwar mai littafi. Na koma Kano zuciyata fari ƙal.

Ban sake zuwa na kwana ba sai cikin Agustan 2008, da ƙanena ya yi mini waya ya ce, "Yaya, tarin Inna ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya kamata ki zo." Na isa ana tsakiyar marka. Tun daga bakin ƙofa warin fumfuna ya buge ni. Na taka kafet na ji shi kamar jiƙaƙƙen tsumma, na ɗaga gefensa na ga daɓen ya yi laushi ya baƙe, gara ta yi hanyoyi a ƙarƙashi. Na sa aka kira maza aka janye kabad. Bayanta gara ta gama da shi, bangon kuwa ya jiƙe sharkaf, ga tsaga tun daga sama har kusan ƙasa wadda hannu zai shiga. A ƙarƙashin wannan bangon Inna take kwana wata da watanni.

Sai aka jawo adaka. Gindinta ya zube a hannun masu ɗauka. A ciki akwai gwadon kakarmu, akwai kuma gafakar Baba, wanda ya rasu a 2005, da littattafan da ya kwafa da hannunsa tun yana almajiri. Kowace damina Inna ke fito da su ta shanya ta mayar. Abin da muka tarar ƙasa ce da guntayen takardu, sai 'yan warƙoƙi na tsakiya da ba su kai ashirin ba. Na durƙusa a wurin ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Inna ta tsince warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya ta naɗe a gefen zaninta, ta ce ƙaddara ce, ta fita.

Da dare na tambayi Goggo me ya hana a ɗage kafet ɗin tun farkon ruwa. Ta ce, "Yo ta ɗage a ce me? A ce ta raina abin arzikin 'yarta? Kuma wa zai matsar mata da wannan uwar kabad ɗin, maza duk suna gona?" Ashe tun watan Yuni Inna ta san abin da ke faruwa a bayan kabad, hancinta ya gaya mata, ta zaɓi ta yi shiru da ta kunyata ni a idon gari. Washegari ina shara na ji tana ce wa Goggo, da muryar da ta san zan ji, "Ki ce da 'yar nan, kayan da mace ba za ta iya ɗagawa ita kaɗai ba, ba nata ba ne." Iyakar faɗan da ta yi mini ke nan har ta koma ga Allah a 2017.

Aka tokare bangon da itace har ruwa ya ɗauke, da kaka aka rushe shi aka sake. Tarin ya lafa bayan an kai ta asibiti ta kuma bar kwana a ɗakin. Kafet ɗin na yanka inda bai ruɓe ba, ya zama 'yar shimfiɗa da take fitowa da ita da hunturu ta naɗe da bazara. Ƙoranta suka dawo mazauninsu.

To wannan labarin na ba 'yata a daren da ta yi mini waccan magana, don tana da shekara biyar lokacin, ba ta riƙe komai ba. Ta ce ai gidan da za ta shiga na siminti ne da rufin kwano. Na ce haka ne, ba zai zube mata a ka ba, amma kwano da bazara tanderu ne, labule mai nauyi zai hana ta numfashi, ƙurar hunturu kuma kafet take shigewa ta zauna, siminti ma yana tsattsafo da danshi in marka ta yi marka. Na gaya mata Turawan Ingila da Amurka da take ganin hotunan ɗakunansu su ma suna da shimfiɗar sanyi da ta zafi, ba su ɗauke shi ƙauyanci ba.

Mun yi ciniki irin na uwa da 'ya. Kujerun da take so na bar mata. Kafet ya koma leda da ƙaramin kafet na tsakiya wanda za ta iya naɗewa ita kaɗai. A Kantin Kwari na yanko mata labule kashi biyu, mai kauri da marar nauyi, kuma kuɗinsu bai kai na wancan guda ɗayan ba. Sif ƙanana biyu maimakon babba ɗaya, kuma na riga na gaya wa 'yan jere a bar tazarar hannu tsakaninsu da bango. Na san ranar ganin ɗaki za a samu masu taɓe baki a dangin miji, su ce uwar amarya marubuciya guda amma ɗaki ba kafet. Ita ma abin da take tsoro ke nan, kuma har yau fuskarta ba ta gama sakewa ba. Na ce ta bar ni da su.

A ƙasan akwatinta na sa mata kumbo ɗaya na Inna da warƙa ɗaya daga cikin na Baba. Ku kuma makaranta, in kun ga tauraruwar labarinmu ta tashi tana naɗe kafet don ta ji ƙamshin ruwan farko, kada ku ce alƙalamina ya tsufa. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu. Sai mun haɗu mako mai zuwa.