A Garin Gizo Mai Nadama

Tsakanin Manhattan da tsibirin Roosevelt, a birnin New York, akwai wani akwatin ƙarfe mai tagogin gilashi da ke tsallaka kogi a kan igiyar waya, dab da gadar Queensboro. Tun 1976 yake jigilar mutane. Mazauna tsibirin kan shiga da ledar cefanensu, ko waje ba sa leƙawa. Mu baƙi ne ke manne wa gilashi, domin a nan ne, a fim ɗin Spider-Man na 2002, mugun nan Green Goblin ya riƙe Mary Jane, yarinyar da jarumin ke so, da hannu ɗaya, ya riƙe igiyar akwati cike da yara da ɗayan, ya ce wa jarumin ya zaɓi wanda zai ceta.

Mutanen garin ɗan unguwa suka ɗauki Peter Parker, wato Spider-Man, yaron Forest Hills a gundumar Queens, wanda Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙira a 1962. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, in hirarsa ta tashi, ba ƙarfinsa suke yabo ba. Laifinsa suke tattaunawa. A fim ɗin 2002, mai shirya wasan kokawa ya yi masa alkawarin dala 3,000, ya ba shi 100. Nan take ɓarawo ya yi wa mutumin fashi, ya biyo ta gaban Peter, shi kuwa don haushi ya kauce ya ba shi hanya. Daren nan aka harbe baffansa Ben, wanda ya riƙe shi tun yana maraya. Gizon tatsuniyarmu zai cinye abincin Ƙoƙi da 'ya'yanta ya kwana da munshari. Wannan Gizon na Amurka sama da shekara sittin ke nan yana biyan bashin sakacin minti ɗaya.

Ranar Laraba sababbin littattafan zane ke fitowa, don haka na leƙa wani shagonsu. Na tarar da wani dattijo mai furfura da wata budurwa suna musu kan fim na uku, wanda Sam Raimi ya fitar a 2007. A ciki aka sauya labari, aka ce ashe abokin ɓarawon ne, Flint Marko, ya harbi Ben, kuma bisa kuskure.

"Sun wanke yaron, sun kashe labarin," in ji dattijon. "In ba shi ya jawo ba, me yake nema a saman rufin mutane da tsakar dare?"

Budurwar ta ce a'a, ai isowar ɓarawon a guje ce ta firgita Marko har bindigar ta tashi, saboda haka da Peter ya tare shi da baffansa bai mutu ba. Hujjarta a tsaye take, amma ni bayan dattijon nake. Laifin da sai an bi lissafi hawa-hawa kafin a kai gare shi ba ya hana mutum barci.

Daga nan suka faɗa kan Superman da ya karya wuyan abokin gabarsa Zod a 2013, da Batman da ya riƙa kashe mutane a fim ɗin 2016, duka aikin Zack Snyder. A nan bakinsu ya zo ɗaya: wannan ba aibin jarumi ba ne, baƙon hali ne aka liƙa masa. Wani jarumin kuwa, Tony Stark, sun yafe masa ɓarnar da ta fi wannan. Dillalin makamai ne da ya tuba a 2008, tsoro da girman kai suka sa ya ƙera mutum-mutumin Ultron a 2015, ƙasar Sokovia ta sha wuta. A wani fim na daban a 2016 wata uwa ta tare shi da hoton ɗanta da ya mutu a can, shi ya sa ya goyi bayan a sa jarumai ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk kuskurensa daga halinsa na asali yake tsirowa, shi ya sa 'yan kallo ba sa jin an yaudare su.

Da yamma na bi ta Times Square, inda za ka ga Spider-Man biyu ko uku a tsaye, galibinsu baƙi daga ƙasashen Latin Amurka, suna ɗaukar hoto da yara don a ba su na goro. Tun 2016 hukumar birnin ta shata musu wuraren tsayuwa da fenti a ƙasa, bayan ƙorafin matsa wa 'yan yawon buɗe ido ya yi yawa. A 2014 wani mai sanye da kayan Spider-Man ya raina dala ɗaya da wata mata ta miƙa masa, ɗan sanda ya sa baki, ya kai masa naushi a fuska. Jaridun garin suka yi ta bidiri da labarin, kai ka ce J. Jonah Jameson ne, editan nan na cikin fim da ya daɗe yana rantsuwa cewa yaron annoba ne, ya rubuta musu kanun.