Ɗaki mara taga a tsakiyar teku

Tun da na ambata cewa mun shiga jirgin ruwa da yara a hutun Disamba, saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan duk tambayar ɗaya ce: wai da gaske ne ɗakin da muka kama ba shi da taga, kuma ni da nake harkar magunguna na yarda na kwantar da 'ya'yana a ciki? Da gaske ne. Bari yau mu jingine batun hawan jini da muka faro, in ba ku labarin yadda aka yi.

Jirgin irin manyan nan ne na shaƙatawa, masu hawa fiye da goma, da wuraren cin abinci da na wasan yara. Yana tashi daga Durban a Afirka ta Kudu, ya nufi wani ɗan tsibiri da ake kira Portuguese Island kusa da Maputo a Mozambik, sannan ya dawo. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ake irin wannan tafiya, lokacin zafinsu ke nan. Shekara biyu ina zubin adashe dominta, maigida kuma ya ɗauki kuɗin jirgin sama da biza, don haka kowace Naira na san daga inda ta fito.

Da muka je wajen mai shirya mana tafiya a nan Legas, farashi uku ya ajiye mana: ɗakin ciki mara taga, ɗaki mai taga, da ɗaki mai baranda. Na tambaye shi ko abincin ya bambanta. Ya ce, "A'a Hajiya, tukunya ɗaya ce." Wurin wasan yara fa? Shi ma ɗaya. Amma tazarar da ke tsakanin ɗakin ciki da mai baranda, ga mu mu huɗu, ta kusa kuɗin makarantar ɗana na zango guda. Maigida ya dube ni ya ce, "Ke kika san lafiya. Yaron nan da ko Ibadan ba ma kaiwa sai ya yi amai a mota, za ki rufe shi a akwati?"

Tambayarsa tana kan hanya, kuma ita ta hana ni barci kwana biyu. Ɗana shekararsa bakwai, ƙanwarsa huɗu, daidai shekarun da amai na tafiya ya fi damun yara. Abin da ke kawo shi saɓani ne tsakanin ido da kunne. A can cikin kunne akwai sashen da ke auna motsin jiki. Idan jirgi na tangaɗi, kunne ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa ana motsi, ido kuma yana kallon bango a tsaye cak ya ce ba a motsi. Ƙwaƙwalwa ta rikice, sai jiri, sai gumi mai sanyi, sai zuciya ta tashi. Shi ya sa kallon can nesa, inda ruwa ya haɗu da sama, yake kawo sauƙi, domin ido ya ga abin da kunne ke ji. Ɗakin ciki ba shi da wannan, kuma ba zan ɓoye muku ba, naƙasu ne.

Sai dai akwai abin da ya fi taga nauyi, shi ne inda ɗakin yake a jikin jirgi. Ku tuna katakon da yara biyu ke hawa, wannan a gefe wancan a gefe, suna sama suna ƙasa. Bakin katakon ne ke tafiya, tsakiyarsa kusan a tsaye take. Haka jirgi yake. Goshinsa ya fi ko'ina tashi da faɗuwa, bayansa na biye, hawa na sama kuma ya fi na ƙasa lilo. Ɗaki mai baranda a hawa na sama wajen goshi zai fi jijjiga mai shi fiye da ɗaki mara taga a ƙasa, a tsakiya. Wani abin da mutane ba su sani ba, tagar ɗakin mai taga a like take, ba ta buɗuwa. Iskar na'urar sanyi da nake shaƙa ita mai tagar ke shaƙa. Barandar kuwa, da na tuna autata da ba ta ganin kujera ba ta hau ba, ban ma ji na yi asara ba.

A nan ne na ƙi arha ɗaya. Akwai farashin da ya fi kowanne sauƙi, amma da sharaɗin kamfani ne zai zaɓa maka ɗaki, sai dab da tafiya ka ji inda ka faɗa. Kana iya dacewa, kana iya samun kanka a goshin jirgi ko ƙarƙashin zauren kiɗa. Na ƙara ɗan abin da aka nema, na sa aka buɗe mini taswirar jirgin, na zaɓi ɗaki a tsakiya, wanda sama da shi ɗakunan kwana ne, ƙasa da shi ma haka. Wannan ƙarin shi ne kuɗin da ya fi amfani a duk tafiyar.

Ɗakin ƙarami ne, kada a yi muku daɗin baki. Gado biyu a ƙasa, biyu kuma ana sauko da su daga sama da dare. Ba a son yaron da bai kai shekara shida ba ya kwana a gadon sama, don haka autata ta kwana a ƙasa kusa da ni, maigida da girmansa ya hau tsani. Har yau yara na tsokanarsa. Akwatuna muka tura ƙarƙashin gado, sallah kuma ɗaya bayan ɗaya, domin filin darduma guda ne.

Ruwan gaɓar Durban ba lafiyayye ba ne, kuma daren farko ya nuna mana halinsa. Na riga na ba ɗana Stugeron awa biyu kafin jirgi ya tashi. Ku riƙe wannan da kyau: maganin amai na tafiya kafin tafiya ake shan sa. Idan zuciya ta riga ta tashi, ciki ba ya saurin tura abin da aka haɗiya, wani lokaci ma ƙwayar ce za ta fara dawowa. Stugeron ba na yaron da bai kai shekara biyar ba ne, kuma ƙarfinsa iri-iri ne a kasuwa, don haka ku faɗa wa mai harhaɗa magani shekarun yaro ya lissafa muku, kada ku ɓalla da ka. Akwai Avomine, shi kuma daren da za a wayi gari a yi tafiya ake shan sa, yana da sa barci sosai. Sinadarin da ke cikinsa haɗari ne ga yaron da bai kai shekara biyu ba, kuma ina roƙon iyaye mata da ke ba jarirai irinsa don su yi barci su bari. Manya suna da filastar Scopoderm da ake mannawa a bayan kunne, tana aiki awa 72, amma ba ta dace da mai hawan jinin ido ba, ko dattijon da fitsari ke masa wuyar fita. Ko wanne za ku yi amfani da shi, ku gwada shi a gida mako guda kafin tafiya, ku ga yadda jiki zai karɓa.

Duk da maganin, wajen ƙarfe tara ya ce, "Mami, ɗakin yana juyawa." Fuskarsa ta yi fari. A lokacin na ji maganar maigida ta dawo mini. Na karɓe wayar da yake wasa da ita, na riƙo hannunsa muka hau inda ake shan iska, muka zauna a tsakiyar jirgi yana kallon fitilun gaɓa can nesa. Na ba shi biskit busasshe da alewar citta. Bayan kamar minti ashirin ya ce yunwa yake ji. Bai yi amai ba, amma ya kusa, kuma da muna goshin jirgi na tabbata da labarin ya bambanta. Autar da ba ni da ƙwayar da zan ba ta, barcinta ta sha har safe.

Abin da ya ci ni ba amai ba ne, duhu ne. Idan aka kashe fitila a ɗakin ciki, ko tafin hannunka ba ka gani, kuma ƙarfe uku na dare da ƙarfe tara na safe duk ɗaya ne. Hasken safiya ne ke sanar da jiki cewa gari ya waye. A Durban a Disamba rana tana fitowa kafin ƙarfe biyar, mu kuwa muka farka takwas da rabi muna zaton dare ne. Asuba ta wuce mu gaba ɗaya, na ji kunyar kaina. Daga ranar na sa ƙararrawa biyu, na kuma bar talabijin a tashar da ke nuna kyamarar gaban jirgi, na kashe sautin. Da gari ya fara haske, ɗakin ma sai ya yi haske. Alƙibla kuma tana canjawa tunda jirgi na juyawa, kuma kamfas ɗin waya na rikicewa a cikin ƙarfe, sai mu leƙa waje mu duba rana ko taswirar da talabijin ke nunawa. Amfanin duhun ɗaya ne, barcin rana na yara ba a taɓa samun irinsa ba.

Kuɗin da ɗakin ya rage mana ban kai shi kasuwa ba. Na sayi inshorar tafiya, domin asibitin cikin jirgi ba kyauta ba ne, kuma da tsada. Na tanadi kuɗin hidimar ma'aikata da ake lissafawa kowace rana a kan kowane fasinja, wanda mutane da yawa ba sa sa shi a lissafi. Na cika jaka da garin gishiri da sukari na ORS, saboda cutar amai da gudawa tana saurin yaɗuwa inda jama'a ke cin abinci wuri ɗaya, kuma ƙwayar da ta fi kawo ta a jirage ba ta cika jin man goge hannu ba, sai sabulu da ruwa. Kada a manta katin rigakafin shawara, Afirka ta Kudu na neman sa ga wanda ya fito daga Najeriya.

Akwai waɗanda ba zan ba su shawarar wannan ɗaki ba. Wanda ƙirjinsa ke ƙuntata a cikin lif ko a ɗaki rufe, kada ya gwada. Haka dattijuwar da za ta wuni a ɗaki saboda ƙafa, ita taga ba ado ba ce a wajenta. Mu da ba ma shiga sai wanka da barci ne ya yi wa daidai. Mahaifiyata ta ce in Allah Ya kai mu za ta bi mu wata tafiyar, kuma na riga na faɗa wa maigida cewa nata ɗakin mai taga ne, a hawa na ƙasa, a tsakiya. Mu da yara za mu koma akwatinmu, shi kuma ya koma tsaninsa.