Damagaram: darasin tarihi da labarin ƙasa a bakin ƙofar lakol

Kukan malaman tarihi da labarin ƙasa na kwaleji da lise guda ne a ko'ina cikin ƙasar nan: littattafai ba su isa ba, taswirar bango ta tsufa ta yage, yara sun cika aji har mushe ba ya iya ratsawa tsakaninsu. Kukan gaskiya ne, kuma haƙƙin hukuma ne ta share shi. Amma kafin kaya su iso daga Yamai, akwai garuruwan da su kansu kayan koyarwa ne, in an sami mai buɗe wa yara ido. Damagaram na cikinsu. Duk wanda ya zaga Birni da Zango da ƙafa, daga safe zuwa azahar, zai ga abin da ya isa a karantar da ɗalibi wata guda.

Darasin yana somawa tun a hanya. Matafiyin da ya taso daga Maraɗi bisa babbar hanyar kwalta, tafiyar kilomita kamar 240, in ya wuce Tasawa zai ratsa Maijirgi, inda kaburburan Bule da Shanuwan suke. Su ne hafsoshin Faransa biyun nan da suka ƙone garuruwa tun daga bakin kogin Isa, har sojojinsu suka juya suka harbe su cikin watan Yuli na 1899. Gaba da Takeita kuma, dab da shiga gari, ga Tirmini, inda sauran rundunar tasu ta kara da mayaƙan Sarki Amadu Kuran Daga a ƙarshen wannan watan. Wurare biyu ke nan da ɗan lise ke hardace sunayensu don jarrabawa, alhali direban motar haya na wuce su kullum yana danna oda.

Abin da ido ke soma gani na garin shi ne duwatsu: manyan ƙwallaye masu santsi, wani bisa wani, gidaje sun kewaye su, awaki na hawansu. Masana na kiran irin wannan dutse granit. Zafin rana da sanyin dare da ruwan sama ne suka tsattsaga shi suka goge masa kusurwoyi cikin dubban shekaru. Malamin da ya kai ajinsa gindin ɗaya daga cikinsu ba ya bukatar zane a allo don ya bayyana yadda dutse ke ɓarewa kamar albasa. Yaro zai sa hannu ya taɓa ɓawon.

Daga dutsen nan sai a gangara zuwa maganar ruwa, wadda kowace mace a Damagaram ta fi littafi saninta. Garin yana zaune bisa wannan dutse mai tauri, wanda ba ya riƙe ruwa a ƙarƙashinsa sai cikin tsagogi. Saboda haka ne ake jawo ruwan famfo daga nesa, daga rijiyoyin Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram, ga kuma jama'a na ƙaruwa: ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da dubu 300 a garin da ƙauyukan da ke cikin hukumarsa. Yarinyar da ta yi layi a bakin famfo da asuba kafin ta zo aji ta riga ta san rabin darasin. Saura a nuna mata dalili. A nan ne kuma labarin ƙasa ke miƙa wa tarihi hannu, domin Damagaram ce babban birnin ƙasar a hannun Faransawa daga 1911 zuwa 1926, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa aka mai da gwamna Yamai, bakin kogi. Wani dalilin shi ne kusancin garin da Kano da Ingilishi, abin da bai kwanta wa Faransawa a rai ba.

Sai a shiga Birni. Lunguna ne ƙanana masu karkacewa, da gidajen laka masu zanko a kai, fuskokinsu ɗauke da zanen magina, wasu an shafa musu launi, wasu damina ta cinye. A tsakiya ga fadar sarki da filinta da masallaci, dogarai na zaune a ƙofa cikin manyan rigunansu masu ja. Asalin gidan sarautar daga wajen Barno yake, kuma shekaru da yawa sarakunan Damagaram suna kai gaisuwa Kukawa. Wanda ya ɗaga garin shi ne Tanimun ɗan Sulaimanu, da ya rasu a 1884 bayan mulki na shekara fiye da talatin. Shi ya kewaye Birni da ganuwa mai kauri, ya tara bindigogi, ya sa maƙeran garin suka zuba igwa, ya kuma shimfiɗa ikonsa bisa ƙasashen maƙwabta. Abin da ya rage na ganuwar yau guntaye ne nan da can. Duk da haka sun isa aiki. A ba yara igiya da ma'auni su auna kaurin abin da ya saura, su bi sawun inda ta bi, su tambayi dattawan unguwa sunayen ƙofofi da inda kowace take fuskanta, su zana taswirar Birni da hannunsu. Ɗalibin da ya yi wannan ya koyi ma'aunin taswira da kusurwoyi huɗu, ya kuma gane dalilin da ya sa gari ke gina ganuwa.

Baƙi ma sun bar shaida. Bature ɗan Jamus mai suna Bart, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdul Karim, ya sauka Damagaram a ƙarshen Disamba na 1852, ya yi wata guda yana shirin tafiya Tambutu, ya kuma rubuta abin da ya gani. Kafin shi, Ba'ingile Ricadsan ya zauna garin a farkon 1851. Shafi biyu daga rubutun ɗayansu, in an karanta su a aji aka kwatanta da abin da marokan fada ke faɗi, sun isa a koya wa yaro babbar ƙa'idar tarihi: kowane mai ba da labari yana da inda ya tsaya, kuma ba a yanke hukunci da bakin mutum ɗaya.

Haka zancen yake game da Kaftin Kazmaju, wanda aka kashe a Damagaram ranar 5 ga Mayu 1898, shi da tafintansa. Takardun Faransawa sun kira abin cin amana, har suka sa wa sansanin da suka gina bisa dutse sunansa. Mutanen gari kuwa suna da nasu bayanin: baƙo ne ɗauke da makamai, mai niyyar zuwa wurin Rabe, wanda ya ci Barno a 1893, ga sarki kuma yana fama da Kano. Bayan yaƙin Tirmini an kashe Kuran Daga a wannan shekara ta 1899. A 1906 Faransawa suka tuhumi Sarki Amadu ɗan Basa da ƙulla makirci, suka tuɓe shi suka kai shi Kodibuwar, ba a mai da sarauta ba sai 1923, da Barma Mustafa. Ga shekaru ashirin da biyar na tarihin mulkin mallaka, kuma da dama daga cikin wuraren da abin ya faru suna cikin tafiyar ƙafa daga lise ɗin da ke ɗauke da sunan Kuran Daga.

Arewa da Birni ga Zango. Sunan kansa darasi ne: nan ayarin Abzinawa ke sauke raƙuma a wajen ganuwa, har masauki ya zama unguwa, unguwa ta zama cibiyar kasuwanci. Gishirin Bilma da dabino suna shigowa daga arewa maso gabas, hatsi da tufafi suna fita. Fatu da gashin jimina suna haye hamada zuwa Tarabulus, kuma kada a ɓoye wa yara, har da bayi. Attajirai irin su Malam Yaro sun yi arziki da wannan hanya. Abin da ya karya ta ba yaƙi ba ne kaɗai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin teku ta Ikko, fataucin hamada ya ja baya, daga baya gyaɗa ta zama abin da ake aunawa ana lodi. Ɗan kasuwar da ke karanta wannan shafi ya san ma'anar hanya ta sauya. Shi ya fi kowa cancantar a gayyato shi aji ya faɗi abin da ya sami cinikinsa a watan Janairu na 1994, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi, ko abin da ke faruwa da farashin buhu in naira ta faɗi.

Ranar Alhamis a kai yara Kasuwar Dole, kowane rukuni da takarda da fensir. Aikinsu guda: su tambayi mai kaya daga ina kayan suka fito, ta wace hanya, kwana nawa. Kanwa, rake, barkono, tabarmi, goro, buhun shinkafa, batir na fitila. In sun dawo aji aka ja layi daga kowane gari zuwa Damagaram, za su ga yawancin layukan sun nufi kudu. Daga nan sai mushe ya kawo maganar iyaka: yarjejeniyar 1890 da ta ja layi daga Sayi zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi, da gyare-gyaren 1898 da 1904 da 1906. Faransawa sun matsa a yi gyaran ne don su sami hanya mai rijiyoyi daga kogin Isa zuwa Damagaram. Ashe rijiya ce ta lanƙwasa iyakar da ɗan kasuwa ke tsallakawa yau a Ɗan Barto, kan hanyar Kano.

Wajen gari ma aji ne. Ruwan saman Damagaram yana kai milimita kamar 400 a shekara, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba. In aka nufi arewa wajen Tanut sai ya ragu, ƙaya da yashi su yawaita; in aka yi kudu wajen Matamai da Magarya sai ya ƙaru, gonaki su haɗe da juna. Gwangwani mai miƙaƙƙen baki da ɗan ma'auni sun isa ɗalibi ya auna ruwan kowace rana a gidansu cikin hutun damina, ya kawo lissafi ranar komawa. A gonakin kudun nan ne kuma manoma, bayan farin 1973 da na 1984, suka riƙa barin tohon gawo yana tashi cikin gona, suna yi masa sassabe. Gawo yana kaɗe ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana, da rani kuma ya yi ganye da ƴaƴa don dabbobi. Masu bincike daga ƙasashen waje sun zo sun ga wannan aiki sun rubuta a kansa. Abin kunya ne a ce ɗan manomin da ya yi shi bai taɓa jin an ambace shi a aji ba. A arewa da gari kuma, tafiyar kilomita kamar 50, ga matatar mai ta Soraz da aka buɗe a 2011, wadda aka gina don tace ganga dubu 20 a rana daga rijiyoyin Agadem. Hanyar da gishiri ya bi jiya, gefenta bututu ya bi.

Rubutattun kaya ma akwai, sai dai suna warwatse. Marigayi Andire Salifu, ɗan garin, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, ya wallafa littafi a kan Damagaram ta ƙarni na 19 tun 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimun, wanda ƴan lise za su iya yi a filin makaranta. Jibo Hamani ya yi irin wannan aiki a kan Adar da Abzin, don haka malamin Tawa da na Agadas ba su da uzuri. A Yamai akwai ma'ajiyar takardun ƙasa da cibiyoyin da suka naɗi muryoyin tsofaffi. Wayar hannu kuma tana nuna hoton gari daga sama, har lungunan Birni. Abin da ya ɓace shi ne mai haɗa waɗannan ya kai su hannun mushe.

Abin tsoro shi ne lokaci. Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Agadas ta sami shiga a 2013, Damagaram tana jira. Laka kuwa ba ta jira. Kowace damina wani soro na faɗuwa, magada su ɗora bulo da kwano, kuma ba za a zarge su ba, mai gida yana son rufin da ba ya yoyo. Dattijon da kakansa ya ga shigowar Nasara, shi ma kwanansa na ƙarewa. Hausawa sun ce da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe.

Don haka kira ga masu karatu. Alhajin da ke da tsohon gida a Zango, ya buɗe zaurensa ga aji ɗaya sau ɗaya a shekara, ya fito da wasiƙun ajami da littafin bashin kakansa a ɗauki hotonsu. Mai motocin haya ya ba da mota guda ta kai yara Tirmini su dawo. Ma'aikacin ruwa, da na gona, da na auna yanayi, kowa ya ba da sa'a ɗaya a aji da lissafin ofishinsa a hannu. Ƙungiyar iyaye ta tara ƴan jikkuna a kwafi shafuna a sayo taswirar jaha. Shugabannin makarantu kuma su sauƙaƙa wa mushe izinin fita da yara, su lissafa fitar cikin lokutan darasi. Abin da aka faɗa game da Damagaram ya hau kan Maraɗi da tarihin Katsinawan da suka kafa ta, ya hau kan Birnin Ƙonni da Tawa. Allah ya ba mu ikon nuna wa yara garinsu tun bangayensa na tsaye.