Sabon Ibadan Ga Wanda Nono Ke Murɗa Wa Ciki

Unguwar Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawa a Ibadan tun 1916, tana maƙwabtaka da Mokola. Baƙon da cikinsa ba ya shiri da nono, a nan cikin 'yan'uwa ya kamata ya fi yin hattara. Mai shayi zai tsiyaya madarar gwangwani kafin a ce uffan, mai tuwo kuwa gani take zuba man shanu a miyar kuka karramawa ce. Sai an yi maza an ce, "Hajiya, ban da man shanu."

To, amma da an tsallaka Mokola an shiga bukar Yarbawa, hankali ya kwanta. Amala ce da ewedu, wato lalo, da miyar wake, da jar miya ta manja. Ƙudan tsando ya daɗe yana hana kiwon shanu a kurmi, saboda haka girkinsu bai dogara da nono ba.

Tarkon guda ne, wara. Kada mai karatu ya zaci awarar waken suya ce irin ta Kano. Cuku ne na nonon saniya, wanda Fulani ke daskararwa da ruwan tumfafiya, kuma in an soya su, da wuya ido ya bambanta. Ta waken suya, beske Yarbawa ke ce mata.