Hawan tudu ƙarfi ne, gangarowa ilimi

Duk wanda ya saba hawa bayan ɗan kabu-kabu tsakanin Dakoro da ƙauyukanmu na Azagor ya san ba a hawan tudu ake gane gwani ba. Hawa aikin inji ne: a sa giya ta ɗaya, a murɗa wuta, in moto ta ƙi fasinja ya sauka ya tura. A gangara ake rarrabe ƙwararre da ɗan koyo, musamman da damina, lokacin da gero ya tashi dama da hagu, hanya ta koma siririn burtali tsakanin shingen ƙaya biyu, ga rairayi mai zurfi, ga kwana tana jiranka a gindin tudu. Ko ka iya juyawa cikin wannan ɗan tsukin, ko ka tsinci kanka cikin ƙaya, salansa na cin ƙwaurinka.

Abin da ɗan koyo yake yi kullum iri ɗaya ne. Tsoro ya kama shi, ya damƙe birkin gaba. Nauyi duka ya koma kan tayar gaba, ta nutse, kan moto ya murɗe, shi ke nan. Gwani kuwa tun kafin ya bar gari ya rage iskar taya don ta baje bisa yashi. In ya zo gangara sai ya ja jikinsa baya, ya sassauta hannu, ya riƙa taɓa birkin baya kaɗan-kaɗan, kuma ba ya sakin wuta gaba ɗaya, domin taya mai juyawa yawo take bisa rairayi, wadda aka tsayar kuwa rami take haƙawa. Ba ya faɗa da yashi. Lallashinsa yake.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, mai karatu, wani wasa ne na ƙasashen sanyi. Tun muna makarantar horon malamai nake cin karo da kalmar siki a littattafan Faransanci, amma sai da wayar hannu ta kawo mana bidiyo na ga yadda abin yake. Katako ne biyu, dogaye, sirara, mutum ya ɗaura ɗaya a kowace ƙafa, ya riƙe sanda biyu, ya riƙa zamiya bisa dusar ƙanƙara. Akwai nau'in da ba na gangarowa daga dutse kaɗai ba ne, na tafiya ne cikin daji daga wani wuri zuwa wani. A wannan nau'in yatsun ƙafa kawai ake ɗaurewa, diddige a sake yake, don mutum ya iya ɗaga ƙafa kamar mai tafiya. To, in turbar dajin ta yi gangara, ga itatuwa ko'ina, matsalarsu ta zama tamu sak: ƙasa mai zamewa, hanya ƙunci, babu birki.

Dabarar da suka fito da ita ana kiranta juyin Telemak, sunan wani yanki na ƙasar Norwe. Mutum ya tura ƙafa ɗaya gaba, ya durƙusa da gwiwar baya har diddigenta ya ɗaga, ya raba nauyinsa tsakanin ƙafafun, sai katakon biyu su zana baka cikin ƙanƙara. Ya sauya ƙafa, ya juya ɗaya gefen. Da juyi yake kashe gudu. Wanda aka fi danganta dabarar da shi, Sondre Norheim, talaka ne ɗan ƙauyen Morgedal, an haife shi a 1825. Shi ya shahara da ɗaure takalmi da igiyar saiwar itace da ta zagaye diddige, kuma a 1868 ya je gasa a babban birninsu, wanda a lokacin ake kira Kiristiyaniya, yau Oslo, ya ba mutanen birni mamaki. Har kalmar silalom da ake ji yau a gasar Olamfik daga bakin ƙauyawan yankin ta fito.

Da na kalli durƙuson nan sau biyu sai na ce ai na san shi. Dubi mace ta ɗauko tulu ko jarka daga rijiya tana gangarowa tudu. Ba ta fuskantar gangara kai tsaye. Tana ɗan karkata, ƙafa ɗaya gaba, gwiwa a lanƙwashe, diddige ya nutsa cikin yashi kafin ta saki nauyi, ruwa ko ɗigo bai zuba ba. Dubi Abzinawa da raƙumansu. Raƙumi ya tsani gangara fiye da hawa, don mafi yawan nauyinsa a ƙafafun gaba yake, shi ya sa mai shi ba ya jefa shi miƙe, sai ya yanka tudun a karkace, ya kwanta baya kan sirdi, ƙafafunsa bisa wuyan dabbar suna yi mata magana. Mai amalanken jaki shi ma ya sani: amalanke ba ta da birki, in an gangara kaya ke tura jaki, saboda haka yakan sauka ya riƙe kan jakin, ya bi ta inda yashi ya fi zurfi don ya riƙe tayoyi. Yaranmu ma, waɗanda ke tsaga tsohuwar jarka su zauna a kai su zame daga bisa tudu, da diddige suke juyawa, ba wanda ya koya musu.

Bambancin ɗaya ne, kuma shi ke damuna. Mutanen Norwe sun raɗa wa dabarar ƙauyawansu suna, sun rubuta ta, suna koyar da ita tun yaro na ƙarami. Tamu ba ta da suna. A jikin masu ita take, kuma da can haka ya wadatar, domin yaro yakan shekara da shekaru yana bin mahaifinsa da akala a hannu kafin a bar masa raƙumi. Yanzu saurayi zai sayar da bisashe ya sayo moto, ya koyi tuƙi cikin kwana uku bisa kwaltar Maradi, ya dawo ya fara ɗaukar mutane. Malaminsa na yashi shi ne mai ɗori. Kuma ba kansa kaɗai yake ɗauka ba. A bayansa ake ɗora mai naƙuda da tsakar dare za a kai ta likita, da tsoho mai zazzaɓi, da ɗalibaina ranar jarrabawa.

Wani zai ce, malam, wannan ba aikin lakwal ba ne. Ni kuwa na ce aikinta ne. Muna koya wa yara kusurwa a allo suna hamma, alhali in suka zuba busasshen yashi ya yi tsibi za su ga gefensa ba ya wuce digiri 34 ko kusa da haka, komai yawan abin da suka ƙara sai ya zubo. Daga nan bayanin dalilin da ya sa gefen tudu ke zamewa ƙarƙashin taya ba shi da nisa, haka ma dalilin da ya sa yashin safe mai danshi ya fi na azahar riƙe ƙafa. Manyan ƴan kabu-kabu su ma, da za su sa wa sabon shiga sharaɗin ya bi bayan gwani na wasu makonni kafin ya ɗauki fasinja, da masu ɗori sun samu hutu.

A bana na roƙi wani dattijo mai raƙuma, maƙwabcinmu, ya zo ya nuna wa ƴan ajina yadda ake yanka tudu. Ya yarda, amma da sharaɗi biyu: shi ba zai shiga aji ba, sai dai mu bi shi bakin tudun da ke bayan rijiya, kuma da sassafe, kafin yashi ya ɗau zafi.